Ba duk ƙwayar maganin suga ce ɗaya ba

A Argungu da ƙauyukan da ke bakin fadama, da wuya yanzu ka zauna a majalisar dattawa ba ka tarar da mai ciwon suga ba. Kowa da ƙullinsa a aljihun gaban riga, wani a leda, wani a kwalin ashana, an bi katin maganin da almakashi an yayyanka shi biyu-biyu har sunan da ke bayansa ya ɓace. Ka tambayi mutum me yake sha, ya ce maka maganin suga. Wane iri? Ya ce fari ne. In nasa ya ƙare kafin kuɗi su shigo hannu, sai ya juya ga na kusa da shi: "Alhaji, ranta mini biyu, in na shiga kasuwa in maido maka." Kuma za a ba shi, domin a wurinmu hana ɗan'uwa magani abin kunya ne.

Wannan rancen ne ya hana ni sukuni. Ni malamin makaranta ne, aikin gona nake koyarwa a sakandare, da rani kuma ina cikin fadama ina noman shinkafa kamar kowa. Ni ma ina da ciwon, irin wanda ke kama manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, kuma metformin nake sha safe da dare. Ba likita ba ne ni. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani likitan da ke duba ni ya zaunar da ni ya bayyana mini, wani kuma na karanta a 'yar takardar nan da ke cikin kwalin magani wadda yawancinmu ke jefarwa tun a bakin kemis.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya haura sittin, shi ma metformin aka ɗora shi a kai, mai miligiram 500. Wani rani nasa ya ƙare, sai amininsa ya ba shi daga cikin nasa. Na aminin 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce, glibenclamide, wadda aka fi sani a kemis da sunan Daonil. Kawu ya juya bayan katin ya ga lamba 5. Nasa 500 ne, kuma ƙwayar ƙatuwa ce mai cika maƙogwaro. Lissafin da ya yi, duk wanda ba a yi wa bayani ba shi zai yi: wannan 'yar abar ai ba ta kai ko kusa ba. Ya haɗiye biyu bayan sallar asuba, ya kurɓi shayi ba suga, ya hau keke ya nufi gona don ya tada injin ban-ruwa kafin rana ta yi zafi.

Da hantsi yaran da ke masa aiki suka kira ni a waya, suka ce Baba yana wasu maganganu da ba su gane ba. Na ɗauki na'urar awon suga da ƙwayoyin suga na shayi, na hau mashin. Na same shi zaune a bakin fangali, ƙafa ɗaya cikin ruwa, hula ta faɗi gefe. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da wani irin gumi mai sanyi, hannuwansa na karkarwa, idanunsa a buɗe amma ba kowa yake gani ba, yana ta kiran sunan yayansa da ya rasu tun muna yara. Ɗaya daga cikin yaran ya ce iska ce, don wurin akwai tsamiya. Ɗayan ya ce hawan jini ne zai shanye masa ɓarin jiki. Na tsaga yatsarsa na ɗiga jinin, lambar ta fito ƙasa da 50, wato sugansa ya faɗi ƙwarai. Allah Ya sa yana iya haɗiya. Na jiƙa ƙwayar suga huɗu a murfin kula, na tallafe ƙeyarsa ina ba shi kaɗan-kaɗan. Ba a yi rubu'in awa ba karkarwar ta lafa, ya dube ni sosai ya ce, "Malam, mi ya hwaru? Wa ya kashe injin?"

Ya so ya koma bakin aikinsa, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, yau asibiti za mu." Ya yi ta faɗa a bayan mashin har muka isa. Da nas ta ga ragowar katin maganin, ta ce, "Baba, kwana za ka yi." Aka sa masa ƙarin ruwa. Da la'asar sugan ya sake sauka, yana kwance a gado, bai ɗaga ko tsinke ba. Da ya koma gona ne, a can za a tsince shi. Washegari da muka fito, shi da bakinsa ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Dalilin abin da ya faru da shi yana cikin yadda ƙwayoyin biyu ke aiki, kuma hanyarsu ta sha bamban kwata-kwata. Hanta rumbun jiki ce. Tana tara suga, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin jini lokacin da mutum bai ci abinci ba, musamman da dare. A jikin mai irin ciwonmu ƙofar rumbun ba ta rufuwa yadda ya kamata, shi ya sa mutum zai kwana bai ci komai ba ya wayi gari sugansa a sama. Metformin ƙofar nan take turawa ta rage abin da ke zubowa, sannan ta taimaka wa tsoka ta riƙa jin insulin, wato sinadarin da jiki ke samarwa don ya kwashe suga daga jini. Ba ta tilasta wa jiki ya ƙara insulin, don haka in ita kaɗai mutum ke sha, da wuya ƙwarai ta kayar masa da suga. Glibenclamide da danginta, irin su glimepiride da gliclazide, aikinsu shi ne matsa wa gaɓar da ke samar da insulin, wadda ke kwance a bayan tumbi, ta fitar da shi. Ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, ƙwayar ba ruwanta, za ta yi aikinta. Ita glibenclamide kuma tana daɗewa a jiki, tana iya kwana tana aiki, musamman ga dattijo ko wanda ƙodarsa ta yi rauni. Saboda haka ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba, an fi son gliclazide ga dattawa. Lambar 5 da 500 kuwa nauyin sinadarin da ke cikin ƙwayar kawai suke nunawa, ba a auna ƙarfin wannan da na waccan da su. Akwai ma ƙwayar da aka haɗa biyun a ciki, metformin da glibenclamide a guda ɗaya, sai ka ga lamba biyu a kwalin. Mai shan irin wannan, duk hattarar da ake yi da glibenclamide ta hau kansa.

Duk gidan da akwai mai shan irin waɗannan ƙwayoyi, ina roƙon matan gidan da yara su san alamomin faɗuwar suga: gumi mai sanyi, karkarwa, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, gani dishi-dishi, saurin fushi ba dalili, sambatu. A na'ura, duk abin da ya gaza 70 faɗuwa ce. In mutum na iya haɗiya, a ba shi ƙwayar sugan shayi uku ko huɗu, ko cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo, a jira minti 15 a sake awo, in ya farfaɗo a bi shi da abinci na gaske. In kuwa ya suma, don Allah kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa, ko rubutu, ko nono, don zai iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa, a riƙe katin maganin da ya sha a tafi da shi.

To ita metformin da nake yabo, ita ma ba ta zo mini da daɗi ba. Farkon shanta na yi fama da tashin zuciya da murɗawar ciki da gudawa, ga wani ɗanɗano a baki kamar na tsotsi kwabo. A nan ne mutane da yawa ke watsar da ita, su ce ba ta karɓe su ba. Ni likita ya riga ya gaya mini. Ya ce, "Malam, cikinka zai yi maka bore, amma na ɗan lokaci ne. Fara da ɗaya da abincin dare, sai ciki ya saba mu ƙara ta safe." Haka aka yi. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne haɗiye ta a tsakiyar cin abinci, bayan na yi loma huɗu ko biyar, sannan in ci gaba. Uwargida ce ta mayar da abin al'ada, tana ajiye ƙwayar a kan faifan da ta rufe tuwo da shi, ta ce, "Malam, ga abokiyar tuwon." Wanda cikinsa ya ƙi lafawa, akwai nau'in da ke narkewa a hankali, za ka ga an rubuta XR ko SR a kwalin, ya fi sauƙi ga ciki. Shi wannan ba a raba shi biyu, ba a tauna shi, ba a daka shi.

Maganar da ta fi yawo a majalisa ita ce wai maganin suga na kashe ƙoda. Na san inda ta samo asali, kuma ba na ganin wautar masu faɗinta. Mutum ya shekara goma yana shan metformin, ƙafafunsa suka fara kumbura, aka yi awo aka ce ƙoda ta taɓu, likita ya ce a daina wannan ƙwayar. 'Yan'uwa suka dawo gida da labarin cewa ƙwayar ce ta ci ƙodar, ga shi likita da kansa ya hana. Amma abin da ke cin ƙoda shi ne sugan da ya daɗe a sama da hawan jinin da ke tafiya tare da shi. Metformin ta ƙoda take fita daga jiki. In ƙodar ta yi rauni sosai, ƙwayar ba ta samun hanyar fita, sai ta taru, taruwar kuma na iya jawo wata matsala mai haɗari ta tsamin jini, ko da yake ba kasafai take faruwa ba. Shi ya sa ake rage ta in ƙoda ta fara gazawa, a dakatar da ita in awon aikin ƙodar ya faɗi ƙasa da 30. Wanda ya bar maganinsa don tsoron ƙodarsa, ya sakar wa abin da ke cin ƙodar mara ke nan. Awon ƙoda ko sau ɗaya a shekara shi ne ya kamata mu riƙa nema, in likita bai ambata ba mu mu tambaya.

Akwai dai lokacin da ake ajiye metformin na 'yan kwanaki, kuma wannan ya shafe mu sosai a nan, inda damina ke zuwa da amai da gudawa, bazara kuma ke ƙona mutum. In jiki ya bushe saboda amai ko gudawa mai yawa, ko zazzaɓi ya hana mutum ci da sha, a dakata da metformin a nemi ma'aikacin lafiya, sai an koma ci da sha sosai a ci gaba. Haka in za a yi wa mutum hoton ciki irin wanda ake ɗura ruwan rini a jijiya, ko za a yi masa tiyata, ya faɗa musu cewa yana shanta. Wani abu kuma da ban taɓa jin an faɗa a majalisa ba: shan metformin na shekaru na iya rage bitamin B12 a jiki. Ƙarancinsa na kawo ƙarancin jini da mutuwar yatsun ƙafa, irin jin nan kamar ana tsikarin mutum da allura, wanda shi kansa ciwon suga ke kawowa. Duk wanda ya daɗe a kanta ya fara jin haka, ya roƙi a duba masa, don wannan kam ana gyara shi da ƙwaya ko allura.

Ranar kasuwa za ka ji masu magani a mota da lasifika suna shelar garin da ke warkar da suga cikin kwana bakwai, a daina shan na asibiti har abada. Raina na ɓaci in na ji, don na san irin mutanen da ke tsayawa su saya, talakawa ne da tsadar kemis ta kora. Ba na raina itatuwa, ni da nake koyar da su. Ina cin zogale, ina shan miyar shuwaka, kuma ita kanta metformin asalinta daga wani tsiro ne na ƙasashen Turai mai suna galega, wanda mutanen can suka daɗe suna amfani da shi. Amma sinadarin da ke cikin tsiron yana da guba, sai da masana suka yi ta aiki suka samo ɗan'uwansa da jiki zai iya ɗauka, wato metformin. Wani likita a Faransa, Jean Sterne, shi ya gwada ta ga masu ciwon suga a 1957. Amurka ba ta fara sayar da ita ba sai 1995. A 1998 aka fitar da sakamakon wani dogon bincike a Birtaniya wanda ya nuna cewa masu ƙiba da aka ɗora a kanta sun samu raguwar ciwon zuciya da mace-mace. An san adadin da ke cikin kowace ƙwaya, an san abin da take yi wa ƙoda da hanta. Garin da ke cikin ƙullin leda, ko mai sayar da shi bai san adadin abin da ke cikin cokali ɗaya ba. Shi ciwon kuma ba irin zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha magani kwana uku a gama. Ranar da ka ji garau, fitsarin dare ya ragu, ƙishirwa ta tafi, ƙwayar ce ke aikinta. Ka bar ta, lambar za ta hau a hankali ba tare da ka ji komai ba. Kuma ciwo ne mai ƙaruwa da shekaru, in wata rana aka ce a ƙara maka ƙwaya ta biyu ko a koma allurar insulin, hakan ba ya nufin ka yi sakaci.

Tsadar gaskiya ce, ba na musunta. Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, na san masu shan ƙwaya yau su tsallake gobe don kati ya kai ƙarshen wata. Abin da ya rage mini nauyi shi ne sanin cewa Glucophage suna ne kawai da wani kamfani ya sa wa ƙwayarsa, metformin ce a ciki. Akwai ta wasu kamfanonin mai rahusa, in dai da lambar NAFDAC a kwalin kuma wa'adinta bai wuce ba. Wasu kwalayen suna da wurin kankarewa kamar katin waya, ka tura lambar ta saƙo a gaya maka ko na gaske ne. Wannan tsarin a 2010 aka fara shi a Najeriya, kuma Glucophage ɗin nan aka fara gwada shi a kai, saboda yadda jabunsa ya yi yawa. Ni in na saya, ba na barin a yanka mini kati, kuma na ɗauki hoton kwalin a wayata. A gida nake ajiye shi a inuwa, don akasarin kwalayen sun ce kada zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, balle a ce cikin akwatin mashin da ya wuni a rana.

Wani ruɗanin kuma na lambobi ne. Na'urar gida takan nuna 126 ko 180, takardar ɗakin gwaji ta asibiti kuma ta ce 7 ko 10, sai mutum ya ɗauka ya warke. Ma'auni ne iri biyu, ka raba na na'urar da 18 ka samu na takardar. Awon safe kafin a ci komai, 126 zuwa sama shi ke nuna ciwon, mai shan magani kuma galibi ana son ya tsaya tsakanin 80 da 130. Ni na gane a na'urar nan cewa malmala biyu ta tuwon shinkafa da dare ba ta tafiya da ƙwaya ɗaya, ko da shinkafar daga gonata ta fito. Yanzu malmala ɗaya ce, miya da ganye su fi yawa, wake da kifi su cike gurbin, kifi kuwa Allah Ya hore mana a nan.

Sai azumi, wanda a shekarun nan yake faɗowa gab da zafi. Nan ne sanin sunan ƙwayarka ya fi zama dole. Tun a watan Rajab ko farkon Sha'aban nake zuwa wurin likita mu tsara. Mai shan metformin sau biyu kamar ni, galibi ɗaya da buɗa-baki ɗaya da sahur. Mai shan sau ɗaya, da buɗa-baki. Mai shan glibenclamide kuwa, ya haɗiye ta da sahur ya shiga wuni na awa goma sha uku ba ci ba sha, ya ɗauki kasada babba, shi ya sa likitoci kan canza masa wata ko su rage ta sahur su mayar da ƙarfin wajen buɗa-baki. Akwai kuma waɗanda ake ba shawarar kada su yi azumin sam, kamar mai ciwon ƙoda mai tsanani ko wanda sugansa ya faɗi har ya suma a 'yan watannin baya, kuma aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame. Na tambayi limamin unguwarmu game da tsaga yatsa da rana, ya ce, "Malam, auna abinka, wannan ɗigon ba ya karya azumi." Don haka nakan auna da azahar, in sake da la'asar, musamman ranar da na shiga gona. Da magariba dabino ɗaya ko biyu da ruwa, kunun tsamiya ba a zuba masa suga a kofina, ƙosai kaɗan, tuwo sai bayan asham. Ƙa'idar da likita ya ba ni na rubuta ta a bangon littafin da nake ajiye lambobina: in na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko ta haura 300, ko na ji gumi da karkarwa, in karya nan take ko da ladan ya riga ya nufi masallaci, in rama bayan salla.